Gonar da aka yi wa dariya

A shekarar 1984 ruwan sama ya ɗauke a Nijar. Hatsi ya bushe a tsaye, bisashe suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Ba wanda ya jawo wa kansa wannan masifa. Amma bayan wahala akwai abu biyu da ke hana mutum tashi. Na farko shi ne ya zauna yana cewa: «Fari ya gama da ni.» Na biyu shi ne tsoron bakin mutane.

Manoman jihar Maraɗi sun gamu da su duka biyu. A wancan lokaci, manomin ƙwarai shi ne wanda ya share gonarsa fes, bai bar ko tsiro ɗaya ba. Iska kuwa tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan ƙarƙashin ƙasa. Ya ba da shawara a bar rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran. Shi ake kira sassabin zamani.

Manoma ƙalilan ne suka yarda da farko. Aka yi musu dariya, aka ce gonarsu ƙazama ce, su kuma raggaye. Wannan magana tana da zafi, balle ga wanda yunwa ta riga ta karya wa zuciya. Duk da haka wasunsu suka daure. Sabara da kalgo da gawo suka tashi, suka tare iska. Ganye ya zama taki, bisashe suka samu abinci, mata suka samu itacen girki kusa da gida. Masu dariya suka shiga kwaikwayo. Bayan shekara 20, masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5.

Da waɗannan manoma sun jira sai kowa ya yaba musu, da har yau iska tana cin gonakinsu. Dariyar mutane ba ta cika rumbu, ba ta kuma rage ko zangarniya ɗaya.

Haka abin yake a lakwal. Yaron da ya faɗi jarrabawa, ko wanda rashin lafiya ta sa ya maimaita aji, yakan ji kunyar ɗaga hannu. Gara ya tuna da kututturen gona: an sare shi, amma saiwarsa ba ta mutu ba. Wahala gaskiya ce, ba laifi ba ne a yi kukanta. Laifin shi ne mutum ya maida ta sunansa. Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji. Asarar mace ce kuma.