Kafin Ka Kwafi Adadi, Tambayi Mudun da Aka Auna da Shi

Duk wanda ya taɓa raka babansa sayen gero a kasuwar Shinkafi ya san ba a gama ciniki sai an ga mudun. Wani ana cika shi har da tozo, wani a shafe. Wannan ne ya faɗo mini a rai ranar da nake neman misali don furojet ɗina kan rumbun bayanai, na tambayi intanet: duniyoyi nawa aka gano suna zagaya wasu taurari ban da ranarmu?

Sai ga amsa biyu. Rumbun hukumar NASA ta Amurka, wanda ya haura 5,000 a watan Maris na 2022, yana da nasa adadin. Rumbun da Jean Schneider ya kafa a Faris a 1995 yana da wani, ya fi yawa. Da farko na ce to, ɗayansu ya tafka kuskure. Ashe mudun ne daban. NASA tana karɓar abin da nauyinsa bai wuce na Jufita sau 30 ba, su kuwa na Faris suna kaiwa har sau 60.

Ga kuma gyara. A 2012 aka sanar da wata duniya kusa da tauraron Alpha Centauri B, a 2015 bincike ya nuna babu ita. Suna ma yakan rikitar da mutum: duniyar da Najeriya ta raɗa wa Equiano a 2019, a rumbunan HD 43197 b ake kiranta. Wanda bai sani ba sai ya ƙirga ta sau biyu.

Ra'ayina, 'yan'uwana ɗalibai na nan Ƙauran Namoda, wannan saɓani ba abin kunya ba ne, tunda kowane rumbu ya bayyana ma'auninsa. Abin kunyar namu ne. Mukan kwafo adadi daga waya mu liƙa a babi na biyu, ba inda aka samo, ba ranar da aka ɗauko. Ranar kare furojet malami ya ce "daga ina?", sai mutum ya hau susar ƙeya, kuma maki ya tafi.

Don Allah, duk adadin da za ka rubuta, faɗi mai shi, da ranar da ka duba, da abin da ya ƙirga. Idan majiyoyi biyu sun saɓa, kawo su duka ka bayyana dalili. Wallahi malami ya fi ganin girman wannan a kan adadin da ba shi da uba.