Tiyatar Rage Ƙiba: Kamfanonin Inshora Su Daina Jan Ƙafa

A Amurka, mai neman tiyatar rage ƙiba sai ya sha fama da kamfanin inshora kafin ya ga ɗakin tiyata. Kamfanoni da dama kan gindaya sharaɗin rage cin abinci na wata uku zuwa shida bisa kulawar likita. Wasu har yanzu suna riƙe da ƙa'idar 1991: ma'aunin ƙiba na BMI 40, ko 35 ga mai ciwon suga. Alhali a 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sauke shi zuwa 35, ko 30 ga mai suga. Shiri kafin tiyata wajibi ne, amma tsara shi aikin likita ne. Ya kamata inshora ta bi sabuwar ƙa'ida, domin jinkiri ciwo yake ƙara wa majinyaci.