Sanarwar Bayan Taron Ƙungiyar Masu Yankan Katako da Makanikan Ƙananan Injuna

Ƙungiyar ta kammala babban taronta, inda mambobi suka tattauna batun fetur, mai da hayaƙin injunan da ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya, musamman injin yankan katako da ƙaramin janareta. Taron ya lura da takaici cewa tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsada ta sa masu sana'a da dama suna rage man 2T, ko su maye gurbinsa da baƙin man da aka juye daga mota, alhali irin wannan inji ba shi da wata ma'ajiyar mai ta daban, abin da aka zuba cikin fetur shi kaɗai ke kare fistan daga gogayya. Bayan nazari, taron ya cimma matsaya kamar haka:

1. Kowane mamba ya bi ma'aunin da kamfanin injinsa ya gindaya, ya kuma daina awo da ido. Ga injunan Stihl da Husqvarna, ma'aunin shi ne mililita 100 na man 2T mai inganci cikin lita 5 na fetur, domin ƙarancin mai kan sa fistan ya kama, yawansa kuma kan toshe fulogi da salansa, ya ƙara hayaƙin da mai aiki ke shaƙa tun safe har yamma.

2. An haramta amfani da juyayyen baƙin mai, a tanki ko a sarƙa, inda yake fantsama a jikin ma'aikaci da ƙasar daji.

3. Kada haɗin ya wuce wata guda a jarka.

4. Taron na jan hankalin jama'a da babbar murya cewa hayaƙin janareta na ɗauke da iskar guba marar launi, marar wari, wadda ta sha hallaka iyalai cikin barci. Don haka kada a kunna shi a ɗaki, zaure ko rufaffen shago.

5. Taron na kira ga hukumar NMDPRA da ta tsaurara binciken fetur don kada a maimaita abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, sannan hukumar SON ta bi kasuwanni ta kawar da jabun man 2T.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare