Ya san ba matarsa ba ce, amma ya sauko cin abinci

A watan Janairun 2014 aka fara nuna wani ƙaramin fim mai suna The One I Love a bikin finafinai na Sundance, a jihar Utah ta Amurka, a watan Agusta kuma ya shiga gidajen silima. Tsawonsa minti 91. Charlie McDowell ne ya ba da umarni, Justin Lader ya rubuta labarin. Mutum biyu ne suka ɗauki kusan dukan wasan, Mark Duplass da Elisabeth Moss, sai Ted Danson da ya fito na ƴan mintuna a matsayin mai ba ma'aurata shawara. An tallata shi kamar fim ɗin soyayya da raha. Tun fitowarsa masu kallo a can ke gardama a kan ƙarshensa, kuma a ganina mafi yawansu sun bar jaki suna dukan taiki. Zan tona ƙarshen labarin a nan, mai niyyar kallo ya sani. Kuma ba fim ɗin yara ba ne. Akwai giya da wiwi da sha'anin kwanciya, a Amurka ma alamar R aka sa masa, wato wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sai da babba.

Ethan da matarsa Sophie aurensu ya yi tsami. Ya taɓa cin amanarta, ita kuma ba ta huce ba. Suka tafi wurin mai ba da shawarar aure, wanda a ƙasashen can sana'a ce da ake karantawa ana biyan mai yin ta. Ya sa kowannensu ya danna maɓalli guda a fiyano, sautin bai dace ba, sai ya ce su tafi wani gida mai lambu a bayan gari su yi kwana biyu, wai duk waɗanda ya tura can sun dawo kamar sabon ango da amarya. A harabar akwai ƙaramin gidan baƙi. Duk wanda ya shiga shi kaɗai sai ya tarar da abokin zamansa a ciki, kamanni ɗaya, murya ɗaya, amma an gyara halin. Ethan na gidan baƙi yana sauraro, yana raha, har ya zauna ya bayyana ma Sophie abin da ya kai shi ga cin amana, ya nuna nadama, abin da mijinta na gaskiya ya kasa yi. Sophie ta gidan baƙi kuwa ba ta ƙorafi, ba ta tono baya, da safe ma tana soya ma miji ƙwai da naman alade, abin da Sophie ta gaskiya ba ta son ta ga yana ci.

Daga baya ta bayyana cewa waɗannan biyun wasu ma'aurata ne da suka maƙale a gidan, aka koya masu kwaikwayon baƙin da za su zo, kuma ba su da hanyar fita sai sun raba baƙin sun bar su a madadinsu. A ƙarshe matan biyu suka tsaya cikin kaya iri ɗaya, guda ta sunkuya tana kallon Ethan na bogi da ya faɗi sumamme, guda tana yi ma Ethan na gaskiya murmushi. Ya ja mai murmushin suka gudu. Ofishin mashawarcin suka tarar wayam, sai fiyano. Da safe a gida ya tambaye ta me take dafawa, ta ce ƙwai da naman alade. Ya yi jim, fuskarsa ta canza, sannan ya ce mata ga shi nan saukowa. Fim ya ƙare.

Kashi mafi yawa na masu kallo sun duƙufa kan tambaya guda: wace Sophie ce ta bi shi gida? Wasu suka ce ta bogi ce, naman alade ya tona ta. Wasu suka ce ta gaskiya ce, darasi ta koya, ta daina hana mijinta abin da yake so, suka ɗauki wannan a matsayin kyakkyawan ƙarshe. To, mu ɗauka masu magana ta biyu sun yi daidai. Matar da aka ci amanarta, wadda mijinta bai taɓa zama ya yi mata bayanin da ya gamsar da ita ba, ta tashi da sassafe tana soya abin da ta tsana tana murmushi. Wace nasara ke cikin wannan? Idan kuma ta bogi ce, matarsa tana can a kulle cikin gidan da ba a fita, shi kuma yana shirin karin kumallo. Ko ta wane gefe aka duba, Ethan ya samu matar da ta daina faɗa masa gaskiya, kuma abin ya yi masa daɗi. Tambaya guda da zai yi mata ta isa ta warware komai. Bai yi ba, don ba ya son ya ji amsar. Wannan shirun ne ya kamata a yi gardama a kai.

Za a ce ai ita ma Sophie ta karkata ga mijin bogi, don me za a ɗora ma namiji kaɗai? Gaskiya ne, fim ɗin bai wanke ta ba, ni ma ba na wanke ta. Amma a auna abin da kowa ya je nema. Ita ta samu kunne da ban haƙuri, abin da mijinta zai iya ba ta ba tare da ya kashe ko dala ba, sai ɗan girman kai da zai ajiye. Shi kuwa ya samu mace marar ƙorafi, abin da matarsa ba za ta iya ba shi ba sai ta kashe abin da ke ranta. Buƙatun nan biyu ba su da nauyi ɗaya.

Kashi na biyu sun fusata ne don ba a bayyana masu yadda aka yi mutum ya koma kamannin wani ba. Tiyata ce, ko tsafi, ko wata na'ura? Duk mushen da ya taɓa karanta tatsuniya a aji ya san irin ɗalibin nan, wanda za a gama labarin Gizo da Ƙoƙi ya ɗaga hannu ya ce ta yaya gizo-gizo ke magana. Yaro ɗan shekara bakwai an yafe masa, babba kuwa da sake. Kuma abin da ya kamata a bayyana an bayyana shi. Ethan ya tarar da saƙonni a wayarsa daga mutanensa, suna mayar da amsar kiran da bai yi ba, ashe wani ne ya ari muryarsa yana tambayar tarihinsa. Ya kuma tarar da sautin da aka naɗa a kwamfuta, inda na bogin ke maimaita muryoyinsu har suka iya. Ma'ana ɗan kwaikwayo ya zauna ya yi bita, ya binciki abin da ke ma matar nan ciwo da abin da ke faranta mata. Baƙo ya yi aikin gida, mai gida da ya shekara da shekaru da ita bai yi ba. Wanda ya fita daga silima yana neman bayanin tsafi ya tsallake wannan.

Kashi na uku ne suka sa na ɗauki alƙalami, don maganarsu ce na fi jin za ta samu karɓuwa a wurinmu. Sun ce fim ɗin ya nuna shawarar aure damfara ce, ga mashawarci ya jefa mutane a rami ya tsere. Ina jin yadda za a faɗe ta a fada bayan la'asar: ka gani, ko Nasara sun san kai sirrin gida wurin bare ba ya haifar da ɗa mai ido. Amma a duba abin da mutumin ya yi. Bai tsare miji ya amsa laifinsa ba, bai bar mata ta fitar da abin da ke cikinta har ƙarshe ba. Ya tura su inda za a lulluɓe ciwon, a fito da wasu masu murmushi a ce aure ya gyaru. Wannan aikin ba sai an je Amurka ake ganinsa ba. Daga Tawa har Damagaram muna da irinsa, sunansa biko idan aka yi shi da ka.

Mace ta yi yaji ta zo gidan iyaye. Bayan kwana uku abokan miji suka zo da goro, wani lokaci da turmin atamfa. Aka ce mata ki yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ba wanda ya zaunar da mijin ya tambaye shi me ya yi, ba wanda ya sa ya furta da bakinsa cewa ya yi kuskure. Ta koma, ta daina magana, ta dafa abin da yake so, dangi suka ce alhamdulillahi an shirya. Wadda ta tafi yaji ba ita ce ta dawo ba, kuma mijin ya sani sarai kamar yadda Ethan ya sani, ya yi shiru ya ci tuwonsa. Ba ina kiran a kashe aure ba ne, kuma haƙuri babban abu ne. Amma haƙurin da kullum gefe guda ake nema ya yi, wani suna gare shi. Addininmu ma ba haka ya tsara ba: aya ta 35 a Suratun Nisa'i masu sulhu biyu ta ambata, guda daga dangin miji, guda daga dangin mata. Mun riƙe na farko mun mai da na biyu ɗan rakiya.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a ƙasarmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi masu aure kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15. Yarinyar da aka fitar daga aji aka kai ɗaki ba ta da bakin da za ta zauna gaban kawunnanta da surukanta ta jera abin da ke damunta. Idan babu wanda aka wakilta ya yi magana a madadinta da gaske, shirunta za a ɗauka a matsayin yarda. Masu cewa namijin Bahaushe ba ya zama a tattauna sha'anin gidansa kuwa, su tuna makarantun mazan aure da aka fara a jihar Damagaram a 2008 tare da hukumar UNFPA, inda magidanta ke haɗuwa a ƙananan ƙungiyoyi suna magana kan awon ciki da haihuwa a likita. Wanda ya iya zama kan wannan zai iya zama a tambaye shi yadda yake magana da matarsa.

Mu da ke riƙe da alli mun san inda sakamakon ke fitowa. Ɗalibin da uwarsa ta yi yaji ana gane shi, yana zuwa lakol ba karin kumallo, yana gyangyaɗi tun ƙarfe tara. Wanda gidansu ya koma shiru bayan biko ya fi wuyar ganewa, amma yana koyon darasi kullum: namiji ba ya ba da haƙuri, mace ba ta faɗin damuwarta. Da dare kuma ga finafinan Indiya da aka fassara da Hausa da labaran soyayya a waya, inda masoyi ke zuwa a shirye ba ya gajiya ba ya kuskure. Yaron da ya tashi tsakanin waɗannan biyun, ranar da ya ga aibin matarsa, wata zai fara nema.

Ga ƴan uwana malamai, gyaran yana farawa daga farfajiyar lakol. Idan yara biyu suka yi faɗa, wasu malamai sukan ce ku ba juna hannu, a wuce wurin, ba a ji ta bakin kowa ba. Wannan ƙaramin biko ne. A ɗauki minti biyar, wanda aka cuta ya faɗi abin da aka yi masa, wanda ya yi ya maimaita da bakinsa ya nemi gafara, ko namiji ne ko mace. Ga iyaye kuma, ranar da ƴarku ta zo gida da ƙullin kaya, ko ɗanku ya aiko ku biko, kada a karɓi goro sai mijin ya zo da ƙafarsa ya zauna. A naɗa mutum guda daga kowane ɓangare, wanda zai iya faɗa ma nasa gaskiya. A bar ta ta yi magana har ta gama, ba mai katse ta. Bayan ta koma da wata guda, wani daga gidanku ya je ya gan ta ita kaɗai ya tambaye ta yadda ake ciki, kuma idan ta ce lafiya lau da sauri, ya gyara zama ya sake tambaya.