Ku Sare Ciyawa Kafin Maciji Ya Sari Ɗalibi

Shugabannin kwalejojinmu na karkara, da ku nake. Ku daina ce mana ƙaddara duk lokacin da maciji ya sari ɗalibi. Mun yi imani da ƙaddara, amma ciyawar da ta kai ƙugu a bayan ɗakin kwanan 'yan mata sakacinku ne.

An share daji aka gina makaranta, don haka ba abin mamaki ba ne a ga maciji ko kunama. Abin da ke jawo su har ƙofar ɗaki shi ne abin magana. Bola ta taru wata da watanni ba a kwashe ba, ɓeraye sun samu gida, maciji kuwa abincinsa yake bi. Banɗaki ya toshe, famfo ba ruwa, sai ɗalibi ya ɗauki buta ya kutsa cikin ciyawa da tsakar dare, da silifas, ba fitila ko ɗaya a hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga.

Kun san kububuwa? Ba banza aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa ba. Ƙaramar aba ce, amma dafinta hana jini daskarewa yake yi, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Ku je asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da damina ko da kaka ku ga yadda ake kawo manoma. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su, amma ga ɗakin shan maganin makaranta ba allurar kashe dafi, motar asibiti ba mai. Kuɗin lafiyar da kuke karɓa wurin rajista, ina yake zuwa?

Shi ya sa abokan wanda aka sara kan ɗaure ƙafar tamau, su tsaga wurin da reza, su tsotse, su tafi neman gardi. Duk wannan ƙara ɓarna ne da ɓata lokaci. Wa ya taɓa tara su ya ce a kwantar da shi, kada ya motsa ƙafar, a garzaya asibiti?

Iyaye amana suka ba ku. Ku sare ciyawa, ku kwashe bola, ku gyara banɗaki, ku kunna fitilu, ku tanadi allurar nan kafin ruwan farko ya sauka.