Kuna ɗauko hoton gari, kuna baro muryarsa a can

Jama'a, rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya samu sarari. Magana ce a kan 'yan uwanmu masu ɗaukar bidiyon tafiye-tafiye da suka cika TikTok da Facebook da YouTube, da kuma masu haɗa mana fostar yawon buɗe ido. Da yawansu abokaina ne a nan, kuma na san ba za su ji daɗi ba. Sai haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Zargina a kanku guda ɗaya ne. Kuna kashe kuɗin mota ku je gari, ku ɗauko hotonsa, ku baro muryarsa a can.

Kowa ya haddace salon yanzu. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi zai tashi sama ya nuno rufin gidaje. Sai a nuno mai bidiyon ta baya yana tafiya a hankali, ya buɗe hannuwa kamar wanda ya ci gadon garin. An rina hoton ya koma ruwan lemo, an kashe duk wani sauti na wurin, an ɗora waƙar da take tashe a wannan makon. Daƙiƙa 40, an gama. Wallahi in ka rufe rubutun da ke ƙasa da yatsa ba za ka iya cewa nan Zariya ce ko Damagaram ko Katsina ba. Garuruwan da kowanne yake da harshensa da kiɗansa da irin hayaniyar kasuwarsa, an mayar da su 'yan uwa ɗaya.

Mu ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano, tunda kusan babu mai ɗaukar bidiyon da bai je can ba. Kowa zai rubuta mana cewa tun 1498 take, shi ke nan an sallame mu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san rini sana'a ce da ake ji da kunne. Akwai ƙarar tsoma zane a karofi da fito da shi, a bar shi ya sha iska, a sake tsomawa, don baba ba ya kama zane sai iska ta taɓa shi. Zanen yakan fito da ɗan kore-kore, a gaban idonka yake juyewa ya zama shuɗi. Sannan ga masu bugu, sun ɗora zane a kan gungume suna saukar da tabarya bi da bi, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, har zanen ya yi ƙyalli. Kiɗa ne sosai, kiɗan da ba a biya ko sisi a kansa. Shi ne kuke gogewa ku ɗora waƙar soyayya. Haba!

Kuma dattijon da ke zaune a bakin karofin, hannunsa ya rine har gwiwa, me ya sa ba ku bari ya yi magana? Ku tambaye shi me ake zubawa a ramin, baba nawa, toka nawa, kwana nawa ruwan yake yi kafin ya nuna. Ku tambaye shi rami nawa ne ke aiki yau, nawa ne suka cike da shara, yaransa sun koyi sana'ar ko sun koma tuƙa adaidaita sahu. Amsar wannan ita ce labarin wurin. Abin da kuke yi shi ne ku nuna hannunsa na daƙiƙa biyu a matsayin ado, ku koma kan fuskarku. Bai san inda bidiyon ya tafi ba, ba a faɗi sunansa ba, ba a faɗi kuɗin zanensa ba balle wani ya zo ya saya.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne hawan salla. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mun yi ta murna a nan, har da ni. To me aka adana? Doki akwai shi a ko'ina, Larabawa ma sun fi mu dawaki masu tsada. Abin da ya sa hawa ya zama hawa shi ne tsarinsa: wane hakimi ne ke gaban wane, su waye 'yan lifidi, su waye 'yan sulke, ina dogarai suke, yaushe ake jafi. Rabin wannan tsarin kuwa a kunne yake. Kakaki magana yake yi, wanda ya tashi a fada yana jin abin da yake cewa, kuma ba kowa ake busa wa shi ba. Tambari ba a buga wa talaka komai kuɗinsa. Algaita, ƙarar bindigogin 'yan bindiga, guɗar mata, kirarin da maroƙi ke jero sunayen kakannin hakimi tun daga tushe. Makaho da ya saba zuwa ƙofar Kudu zai iya gaya maka tawagar da ke wucewa. Mai kallon bidiyonku da idonsa biyu ba zai iya ba, don kun rufe komai da waƙar da ba ta da dangi da wurin.

Kada wani ya ce ai hawa kullum ana yi, baɗi sai a sake ɗauka. A 2020 annobar korona ta hana. Daga tsakiyar 2024 kuma, da rikicin masarauta ya taso, an dakatar da hawa a Kano fiye da sau ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu, da aka faro tun 1934 kuma UNESCO ta karɓe shi a 2016, sai da ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a dawo da shi a 2020. Abubuwan nan suna iya tsayawa, kuma masu busa da masu kirari tsufa suke suna mutuwa. Ranar da jikanka zai nemi ya ji yadda bakin kogin Matan Fada yake cika da kiɗa da ihu lokacin da dubban masunta suka faɗa ruwa da homa da gora, abin da zai tarar a intanet shi ne mutane suna tsalle a ruwa shiru, da wata waƙar da aka manta da mai ita.

Na san amsarku, don mun sha yin musun. Za ku ce manhajar ce ta fi tura bidiyon da ke ɗauke da sautin da ke tashe, wanda ya sa sautin wuri ba ya samun 'yan kallo. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Sai dai ku dubi baƙin da ke zuwa daga Turai da Amurka da ma Legas su ɗauki garuruwan nan namu. Su sun fi ku barin hayaniyar kasuwa da kiran salla da muryar mai shayi a bidiyonsu, suna tsayawa su yi hira da mutane ko da ta tafinta ne, kuma ana kallonsu. Ku da kuke jin harshen, kuke iya zama da dattijo ku sha fura ku ji abin da baƙo ba zai taɓa ji ba, ku ne kuka zaɓi ku zama kurame. Makamin da kuka fi kowa shi ne kuka jefar.

Wasu kuma su ce ba su da kayan aiki. Wannan kam ban karɓa ba. Wanda ya iya sayen jirgi marar matuƙi ko ya yi hayarsa, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ba zai gagare shi ba, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na jirgin ba. Ko wayar hannu ce ka matsa kusa da mai magana, ka juya wa iska baya, ta wadatar. In waƙar dole ce, a rage ta ta koma ƙasa, sautin wurin ya hau sama. Ba kuɗi ne matsalar ba, kun riga kun yanke cewa sautin garinku ƙazanta ce da ake sharewa.

Tunda na ambaci jirgin nan, bari in faɗi wata magana da ban ga ana yi ba. Gidan Bahaushe an gina shi ne don ya tsare ido daga waje: katanga, zaure, shigifa, sannan tsakar gida. Ta sama kuwa a buɗe yake, don da can ba mai leƙowa ta nan sai tsuntsu. Ka hau Dala ka saki jirgi a kan tsohon gari, ƙasa-ƙasa don hoton ya fito, tsakar gidajen mutane kake ɗauka, da matansu suna wanki ko daka ba lulluɓi. Baƙon da ya wuce zaure ba sallama sai an yi masa rashin mutunci, kai kuma ka shiga gida ɗari a minti ɗaya ka watsa wa duniya. Hukuma ma tana buƙatar izini kafin a tayar da irin jiragen nan, amma ni ba dokar ce ta dame ni ba, kunyar ce. Haka ɗaukar fuskar almajirai ƙanana don bidiyo ya yi armashi. Wa ka tambaya?

Mu zo kan fosta, inda ƙaryar ba ta ma ɓuya. Kwanakin baya na ga tallar tafiya Yankari, an sa raƙumin dawa tsaye, bayansa dutse da ƙanƙara a kai. Dutsen nan Kilimanjaro ne, yana Tanzaniya. Wata kuma ta tallar zagaya Kano, an jera raƙuma a kan tudun yashi irin na Maroko da Dubai. A wace unguwa ta Kano ake da wannan? Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta ƙara sauƙaƙa abin: mahayi da rawanin da ba na Kano ba, ba na Katsina ba, ba na ko'ina ba, da ginin da aka ce fadar sarki ne amma ya fi kama da na Indiya.

Abin takaicin shi ne gaskiyar ta fi ƙaryar kyau. Ruwan Wikki na Yankari garau yake har kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye a Katsina. Ta masallacin Agadas, ta ƙasa zalla, ta kai mita 27. Ga zanen dagi a bangayen Zariya da Damagaram. Duk wannan bai isa fosta ba sai an aro dutsen wasu? Kuma ƙaryar tana da farashi. Magidanci ya tara kuɗi ya kwashi iyali saboda abin da ya gani a fosta, ya je bai tarar ba, ba zai ce mai fosta ya cuce shi ba, cewa zai yi wurin ba komai. Zai kuma gaya wa mutum goma.

Daga nan sai abin da ba ku faɗa ko kaɗan. Bidiyon tafiya da ba ya gaya wa mutum yadda zai je, me ya amfana? Daga wace tasha ake hawa, awa nawa, kuɗin shiga nawa, akwai wurin kwana, wane wata ne ya dace. Misali dabbobin Yankari da rani aka fi ganinsu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji, wanda ya je da damina zai iya dawowa bai ga komai ba sai gwaggon biri. Sannan babbar magana, lafiyar hanya. A Arewar yau, ka nuna wa mutane daji ko tsauni ko magangarar ruwa kana cewa kowa ya zo, ba ka faɗi cewa kai da rakiyar jami'an tsaro ka je ba, ko cewa hanyar ba a binta bayan la'asar, wannan ya wuce zaɓin salo. Ran mutane ne. Kun yanke motar rakiyar daga bidiyon don kada ta ɓata kyan hoto, ɗalibai kuma za su haɗa kuɗi su bi sawunku a bas.

Mu fa ba baƙin wannan harka ba ne. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi, ba jirgi marar matuƙi, ba launi, amma mai karatu yana gamawa ya san abin da aka gani da abin da aka ji. Kuma al'umma ce ta rediyo, tun 1957 iyayenmu ke kama sashen Hausa na BBC, manomi a gona da direba a hanya duk da kunne suke zagaya duniya. Ina mamakin yadda har yanzu masu shirye-shiryen sauti na intanet a cikinmu kusan duk hira suke yi a ɗaki, mutum biyu da makirfo biyu. Wa zai ɗauki rikoda ya shiga kasuwar Kurmi da hantsi, ko ya kwana a tashar Dawanau, ya kawo mana minti ashirin na abin da kunne ke ji, da bayani kaɗan a tsakani? Ba ya cin data kamar bidiyo, kuma mutanen da ke gudun kyamara, musamman mata da dattawa, sukan saki jiki da rikoda.

Masu bidiyon da ke cikin abokaina, ku zo ƙasa mu yi musu, ba na goge ra'ayin kowa in dai ba zagi. Amma kafin nan ina da roƙo. Duk wanda yake da ɗanyen bidiyon hawan Daushe ko na Nasarawa a waya ko kwamfuta, wanda ba a riga an ɗora wa waƙa ba, don Allah kada ya goge don neman wuri. Ko hoton yana rawa, ko yatsa ya rufe rabin kyamarar, in dai kakaki da kirarin suna fita, ya turo mini ta akwatin saƙo tare da shekarar da aka ɗauka da sunan tawagar in ya sani.