Sabuwar Dokar Haraji da Makomar Ɗan Kasuwar Bakin Kainji

  

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga kwamitin da Taiwo Oyedele ya shugabanta tun 2023, kuma sabon tsarin ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026. An sha muhawara a kansu. Gwamnonin Arewa sun nuna adawa da tsarin rabon kuɗin a watan Oktoba na 2024, sa'an nan a Disamba ta 2025 ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya yi ƙorafin cewa abin da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa wa abin da majalisa ta zartar. Duk wannan an yi shi ne a Abuja da Kaduna. Mu abin da ya dame mu shi ne yadda lamarin zai sauka a kan mai kifi a Yauri, da dillalin albasa a Ngaski, da mai shago a Shanga, da mai jirgin ruwa da ke fito da mutane zuwa kasuwar Wara.

Adalci ya wajabta mu fara da faɗin abin da dokar ta zo da shi na sauƙi. Duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce Naira 800,000 ba, babu harajin kuɗin shiga a kansa. Abin da ya haura wannan ana fara cire masa kashi 15 cikin ɗari, yana hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 ga manyan masu samu. Ƙananan kamfanoni an ɗauke musu harajin kamfani, kuma an ɗaga iyakar cinikin da ake kiran kamfani ƙarami da ita daga Naira miliyan 25 da take a da, matuƙar kadarorinsa ba su wuce na Naira miliyan 250 ba. Harajin sayen kayayyaki, wanda aka fi sani da VAT, an bar shi a kashi 7.5, kuma kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu an sa nasu a sifili. Daɗin daɗawa, an kafa ofishin sauraron koken mai biyan haraji. Wanda ya ce babu alheri ko kaɗan a cikin wannan, haƙiƙa bai yi wa gaskiya adalci ba.

Sai dai wajibi ne a lura da waɗanda wannan sauƙi ya fi shafa. Afuwar da aka yi wa ƙananan kamfanoni ta masu rajista ce, alhali mafi yawan masu sana'a a masarautar Yauri ba su da kamfani ba su da rajista, jarinsu yana cikin jirgi da koma da buhu. Irin waɗannan doka tana kallonsu ne a matsayin ɗaiɗaikun mutane, kuma ta ba hukuma damar yi wa wanda ba shi da rubutaccen lissafi ƙiyasi, wato a kintaci abin da yake samu a yanka masa abin da zai biya. A nan ne hatsarin yake. Mu ɗauka, alal misali, dillalin albasa ya yi cinikin Naira miliyan 10 a shekara, amma bayan ya cire kuɗin sayen kaya da na mota da na dako da asarar ruɓewa, ribarsa miliyan ɗaya da rabi ce. Harajinsa na gaskiya shi ne kashi 15 na Naira 700,000 da suka haura iyaka, wato Naira 105,000. Amma idan jami'i ya ɗauki cinikin gaba ɗaya a matsayin samu, lissafin zai kai Naira 1,590,000, ya cinye ribar duka har ya taɓa uwar kuɗi. Abin da ya raba waɗannan lissafai biyu kuwa littafi ne da alƙalami.

Mas'ala ta biyu ta fi wannan girma. Ɗan kasuwar bakin ruwa, in aka tambaye shi, ba harajin tarayya ne ya fi ci masa tuwo a ƙwarya ba. Kukansa yana kan ƙananan kuɗaɗen da ake tatsa daga gare shi tun daga mashigar jirgi har zuwa inda kayansa za su sauka: na tasha, na rumfa, na lodi, na ƙungiya, da na kowane shinge da mota za ta tsaya a kan hanyar Kwantagora ko ta Koko da Jega. Waɗansu daga cikinsu suna da tushe, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da bayar da lasisin keke da kura da jirgin ruwa. Amma da yawa ba su da rasit, wanda ya biya bai san sunan abin da ya biya ba, kuma babu wanda zai iya nuna cewa kuɗin sun shiga baitulmali. Tun a 1998 dokar soja mai lamba 21 ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, kuma ta haramta tare hanya domin karɓar haraji. Kowa shaida ne a kan yadda aka yi aiki da ita. Kifi da albasa kuwa kaya ne da ba su jure jira, saboda haka mai su kan gwammace ya biya abin da bai wajaba a kansa ba da ya zauna jayayya kayansa na lalacewa. Kuɗin nan kuma ba ya tsayawa a kan dillali, ana rage shi ne daga farashin masunci da manomi, a kuma ƙara shi a kan mai saye.

Mas'ala ta uku ita ce rabon kuɗin VAT. A sabon tsari an rage kason tarayya daga kashi 15 zuwa 10, an ƙara na jihohi daga 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. A wajen rabo kuma, rabi ana raba shi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka yi amfani da kayan. Jiha irin Kebbi, wadda arzikinta shinkafa ne da kifi da albasa da dabbobi, mafi yawan abin da take samarwa abinci ne da harajinsa yake sifili, kuma cinikinta yawanci ba a rubuce yake ba. Saboda haka ba a sa ran ta yi gogayya da Legas a wannan kashi na ƙarshe. Abin da muke tsoro shi ne a ce za a cike giɓin ta hanyar matsa wa kasuwannin ƙauye da sunan haɓaka kuɗin shiga na cikin gida, a ɗauke wa talaka kaya da hannun dama a mayar masa da hagu.

Wannan ba sabon al'amari ba ne a tarihin ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a kasuwa daga masu nama da masu auduga a cikin alamomin mulkin zalunci. Turawan mulkin mallaka sun zo sun tsara haraji da jangali, aka ci gaba da karɓarsu har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Tun kafin haka da ƙarnuka, Ibnu Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa yawaita haraji yana kashe himmar masu nema, har abin da hukuma ke tarawa ya ragu maimakon ya ƙaru. Malaman Musulunci sun ƙidaya maksu, wato karɓar dukiyar masu ciniki ba bisa haƙƙi ba, a cikin manyan zunubai. Waɗanda kuma suka halatta wa shugaba ya ɗora wani abu bayan zakka, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun gindaya sharuɗɗa: buƙatar ta zama ta gaskiya, baitulmali ya kasa ɗaukarta, a ɗora gwargwadon ikon kowa, a kuma kashe abin da aka tara a kan maslahar jama'a.

Idan muka auna da sharaɗin ƙarshe, mutanen bakin Kainji suna da hujjar yin tambaya. Su ne suka bar garuruwansu da gungunansu da gonakinsu lokacin da aka kammala madatsar ruwa a 1968, aka tayar da mutum sama da dubu 40 domin ƙasa ta sami wutar lantarki. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ya nutse kusa da Wara, rahotanni suka ce sama da mutum 150 sun ɓace a ruwa. Ba a cika wata guda ba, a ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin tuƙa jirgi mai inji da na dakon kaya ya ninka. Hukumar da ke karɓar kuɗin lasisin jirgi, amana ce a wuyanta ta duba lafiyar jirgin da yawan lodinsa da rigunan ceto. Wadda ke karɓar kuɗin rumfa kuma, ita za a tambaya game da tsaro da tsafta da ruwan sha a kasuwa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da majalisar dokokinta da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da su fitar da jeri guda ɗaya na duk kuɗin da aka halatta karɓa, da adadinsa, a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar kowace kasuwa da mashigar jirgi. Duk abin da ba ya cikin jerin a ɗauke shi sata, a hukunta mai karɓarsa. A hana karɓa ba tare da rasit ba, a kau da shingayen tatsa daga kan hanya, kuma kowace ƙaramar hukuma ta riƙa sanar da jama'a abin da ta tara a kasuwa da abin da ta yi da shi. Kada a yanka wa kowa harajin ƙiyasi sai an zauna da shugabannin sana'arsa, kuma an ba shi damar ɗaukaka ƙara.

Su kuma 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, nasiharmu gare su ita ce su rungumi rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wanda bai san jarinsa da ribarsa ba, ba zai iya fitar da zakkar kasuwancinsa yadda ya kamata ba. Littafin da zai taimake ka ka sauke haƙƙin Allah, shi ne zai kare ka ranar da jami'i ya zo da ƙiyasi. Ku nemi rasit a kan duk abin da kuka biya, ku adana shi. Ku raba kuɗin sana'a da na cefane. Masu hali su duba yiwuwar yin rajista ko haɗuwa a ƙungiyar gama kai. Kuma kowa ya sani biyan haraji ba ya sauke zakka, domin zakka ibada ce mai nisabi da masu cinta da Allah Ya ambata. Matasanmu da suka yi karatu, wannan fage ne na hidima gare su: su zauna da iyayensu a rumfuna su koya musu lissafin shiga da fita. Limamai da masu wa'azi kuma su tunatar da masu karɓar kuɗi cewa kowace Naira da suka karɓa ba bisa haƙƙi ba, za a tambaye su ita ranar da babu shinge babu uban gida.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa albarka a cikin neman talakawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.